Sakki Kafin Bulo: Maganar Gidan Haya na Farko a Jidda

A farkon shekarar 2022 na tsaya a bakin wani lungu a unguwar Gulail ta Jidda ina kallon kalmar da aka fesa da jan fenti a bangon gidan Gwaggo: ikhla, wato a kwashe a fita, domin hukuma za ta rushe unguwar. Motocin ɗaukar kaya sun cushe titi. An ɗora katifu a kan firij, an ɗaure mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, da igiya, yara na zaune a saman kaya. Da na shiga na tarar da ita a kan tabarma a tsakar gida, da wani tsohon gwangwanin madara a cinyarta. Ta buɗe shi, ta zaro takarda naɗe a leda, ta miƙo mini.

"Babana, duba min. Da wannan ake zuwa wajen diyyar?"

Takardar ciniki ce ta hannu, tawadar ta koɗe. Akwai sa hannun mai sayarwa da na shaidu biyu, kuma dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Sunan mai saye ma ba nata ba ne, ba na marigayi mijinta ba. Sunan wani maƙwabci ne mai takardar zama ɗan ƙasa, wanda suka amince masa tun kafin a haife ni. Shi ma ya rasu, 'ya'yansa sun watse, ba su ma taɓa jin maganar ba.

Na ce, "Gwaggo, bari mu gwada." Na faɗa ne don kada in bar ta da shiru.

Sama da shekara talatin matar nan tana suyar ƙosai da asuba, tana sayar da gyaɗa da goro da yamma, tana zubin jam'iyya, wadda a gida ake kira adashe. Da kuɗin ta ɗora ɗakuna uku a sama ta zuba 'yan haya, da hayar ta aurar da 'ya'ya mata biyu. Ta san wanda za ta ba ɗaki da wanda za ta ce wa an riga shi. Ta san ranar da za ta tambayi kuɗi da ranar da za ta kau da kai. Duk abin da ake koyar da masu son shiga harkar gidan haya, ta iya shi ba tare da ta shiga aji ba. Abu ɗaya ta rasa, shi ne sakki, takardar mallaka da hukuma ta sani. A rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba da shi a 2022, unguwanni sama da talatin suka tafi, har da Sabil, Karantina, Bitrumin, Kandara da Hindawiyya. Ƙa'idar diyyar kuma a fili take: mai sakki a biya shi ƙasa da gini, wanda ba shi da shi a ƙiyasta masa ginin kawai. Wanda sunansa bai fito a ko'ina ba, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Na kawo wannan ne saboda a 'yan shekarun nan samarinmu sun shiga maganar sayen gidan da za a zauna a ɓangare ɗaya a ba da hayar ɗaya. A majalisa, a wajen ɗaurin aure, a gaban mai sireh, wato tsire, bayan isha'i, hirar ke nan. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Ni kaina na yi, kuma ina ganin ga mai albashi ko ƙaramin ɗan kasuwa babu ƙofar shiga da ta fi ta. Sai dai yadda ake yin hirar yana ba ni tsoro, domin kowa bulo yake ƙirgawa da kuɗin haya, ba na jin ana tambayar sunan wa zai hau takarda.

Wannan sakacin yana da asali. Kakanninmu Hajji ya kawo su. Wasu sun taso tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi ta Chadi, suka yi shekaru suna noma a Sudan, wasu suka tsaya a Maiwurno, wasu suka tsallaka Bahar Maliya ta Sawakin suka sauka Jidda. Niyyar da yawansu a sauke farali, a yi ziyara, a koma. Wanda ke shirin komawa baɗi ba ya neman takardar fili. Rumfa yake kafawa, baɗi ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida. Baɗin nan ta kai jika da tattaɓa-kunne. Yau sunan Hausawi ya kai inda Usama Hausawi ya ɗaura kambin kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, amma har yanzu a gidaje da yawa tunanin baƙunta ne ke riƙe da aljihu. Ana tara gwal, ana aika kuɗi gida, ana biyan haya shekara arba'in, gini kuwa sai a inda ya fi araha, ko da a kan ƙasar da ba ta da takarda.

Dillalai suna da sunaye biyu da ya kamata mai nema ya rarrabe. Dubleks a bakinsu gida biyu ne manne da juna, katanga ɗaya a tsakani, kowanne da ƙofarsa da benensa, kuma galibi ɗaya ake sayar maka. Wanda ya fi dacewa da abin da muke magana shi ne wanda ake kira dor da shagga: ƙasa gaba ɗaya ta mai gida, sama kuma shagga ɗaya ko biyu, wato falat, da matattakala daban. Dalilina na fifita shi mai sauƙi ne. Kana kwana a cikin jarinka. Ranar da bututu ya fara yoyo a ranar za ka gani, ba sai bayan wata shida da bango ya jiƙe ba. Ba ka buƙatar wakili. Kuma da yake gidan zamanka ne na farko, ɗan ƙasa yana samun sauƙin da mai sayen gida na biyu ba ya samu: banki na iya ba shi har kashi 90 cikin ɗari na kuɗin gidan, akwai tallafin Sakani, shirin gwamnati na mallakar gida, ga wanda ya cika sharaɗi, sannan gwamnati tana ɗauke masa harajin cinikin gida a kan riyal miliyan ɗaya na farko. Harajin nan kashi 5 ne, an fara shi a Oktoban 2020. A doka yana kan mai sayarwa, a kasuwa kuwa sau da yawa wuyan mai saye yake komawa, don haka a yi maganarsa kafin a ba da arabun, wato kuɗin kamun ciniki.

Yanzu lissafi, domin a nan ake yaudarar mutane. Za ka ji dillali ya ce, "Gidan nan shi zai biya kansa." Kada ka yarda sai ka ɗauki biro. Ga misali, kowa ya cire alƙalumana ya sa nasa. A ce gidan riyal 1,200,000 ne. Kafin alƙalami kashi 10, riyal 120,000 ke nan. La'adar dillali, wadda a nan ake kira sa'ayi, kashi biyu da rabi ce, 30,000. Harajin abin da ya haura miliyan, 10,000. Tun ba ka sayi labule ba 160,000 sun fita. Ragowar 1,080,000 a ce banki ya raba maka su shekara 25, kason wata ya kama 6,300. Shaggar sama a ce ana hayarta 24,000 a shekara. Kada ka ƙirga wata goma sha biyu, ƙirga goma, domin tsakanin fitar wani da shigar wani akwai fenti da jira. Saura 20,000. Cire 3,000 na gyaran famfo, injin tura ruwa da mukayyaf. Abin da ya rage wajen 1,400 ne a wata, bai kai rubu'in kason banki ba. Sauran 4,900 daga albashinka za su fita duk wata. Idan da kana biyan hayar 2,500, to nauyin da ya ƙaru a kanka 2,400 ne, na shekara ashirin da biyar.

Wannan lissafin bai hana ni saye ba, kuma bai kamata ya hana kowa ba. Kuɗin da kake biya yanzu yana taruwa a abin da zai zama naka, ɗan haya yana ɗauke maka wani ɓangare, ba kuma mai turo maka saƙon ƙarin haya. Abin da yake hanawa shi ne shiga da ido rufe. Gwajin da nake ba kowa shi ne: idan sama ta zauna wata shida ba kowa, za ka iya biyan banki ka ciyar da iyali ba tare da ka ci bashin wani ba? In amsar a'a ce, gidan ya fi ƙarfinka, nemi ƙarami ko ka ƙara shekara guda kana tari. Ƙa'idar bankuna tana barin a cire sama da rabin albashin mutum idan bashin gida ya shigo, amma abin da banki ya yarda ya cira daban, abin da tukunyar gidanka za ta jure daban.

Kada wani ya ce wata shida ba ɗan haya abu ne da ba ya faruwa. Mun gani da idonmu. A Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi a igamarsa, wato takardar izinin zamansa, kuɗin yana hawa shekara-shekara har ya kai 400 a 2020. Magidanta suka riƙa mayar da mata da yara ƙasashensu, allunan "na haya ne" suka cika gine-gine, haya ta faɗi shekaru a jere. A Makka masu gidajen da suka dogara da kakar Hajji sun ga 2020, shekarar da aka dakatar da Umara, Hajjin ma mutane ƙalilan na cikin ƙasa suka yi. Bayan rusau kuma sai abin ya juya a Jidda, haya ta yi tashin gwauron zabi saboda dubban iyalai sun fito neman matsuguni lokaci ɗaya. Wanda ya gina lissafinsa a kan farashin wannan lokacin ya gina a kan tudun yashi. Ga kuma hannun hukuma: a ranar 25 ga Satumban 2025 aka dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin Riyad har shekara biyar, kuma tsarin ya bar ƙofar a faɗaɗa matakin zuwa wasu birane in an ga buƙata. Duk wanda shirinsa shi ne ya riƙa ƙara wa ɗan haya kuɗi kowace shekara har ya cike giɓin banki, ya sake shiri.

Dattawanmu suna da ja a kan bashin banki, kuma ban raina jansu ba. Wasu tsoron riba suke, wasu tsoron a mutu a bar wa yara nauyi. Bankunan nan galibi hanya biyu suke bi. A murabaha banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, kason wata ba ya motsi. A ijara banki ya ba ka haya da alkawarin mallaka a ƙarshe, kuma a wasu kwantiragin kason yana bin farashin kuɗi a kasuwa. Da yake riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, duk lokacin da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa na nan ma binsa yake. A 2022 da 2023 masu kaso mai motsi sun ji a jikinsu. Ni murabaha na zaɓa, don ina so in san abin da zan biya a shekara ta goma tun yau. Batun halasci kuwa, ka ɗauki kwantiragin kansa ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa ya karanta, kada ka tambaye shi da baki kawai. Ka kuma nemi a nuna maka sakin layin da ya faɗi abin da zai faru da ragowar bashin idan ka rasu.

Kafin duk wannan, sakki. Ka karɓi lambarsa ka duba ta a manhajar Najiz ta ma'aikatar shari'a: yana aiki ko an dakatar da shi, sunan wa ke kai, an jinginar da shi ko kuwa. Ka gwada faɗin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. Ka nemi lasisin gini, ka tabbata shaggar sama da ɗakin da aka ɗora a kan rufi suna cikinsa, domin abin da aka ƙara ba izini tararsa kai za ta jira. Idan gidan gado ne, ka ga takardar ƙididdige magada da wakilcin kowannensu; magaji ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya tsayar da ciniki shekaru. Dillali ma ka tambaye shi lasisinsa na Fal, wato izinin hukuma na dillancin gidaje. Duk wanda ya ce maka "takarda na hanya, ba da arabun kada wani ya riga ka", bar masa gidansa. Araha ba ta ado, kuma mafi yawan arahar da ake samu a gefen gari rashin takarda ne ya jawo ta.

Gidan da na saya, na je duba shi sau huɗu. Zuwa na uku na tafi da wani dattijo mai aikin famfo, abokin mahaifina. Bai kalli fenti ba, bai kalli fitilun da aka jera a silin ba. Ya sa na buɗe murfin tankin ƙasa, ya haska tocila, ya zura sanda ya yi alama a inda ruwa ya tsaya, ya ce kada a kunna injin, mu dawo gobe mu gani ko ya sauka. Ya hau rufi ya durƙusa yana shafa kwalta da tafin hannu, yana neman inda ta kumbura. Ya sauko ya kunna duk famfunan sama lokaci ɗaya, ya aike ni ƙasa in saurari bango. Sannan ya fita waje ya tsaya a tsakiyar titi yana kallon inda ƙasa ta gangara.

Ya ce, "Ɗana, a Jidda kafin ka tambayi kuɗin gida, tambayi ina ruwa yake bi."

Duk wanda ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta ci rayuka sama da ɗari ta kuma yi wa unguwar Guwaiza kaca-kaca, ya san abin da yake nufi. An yi madatsai da magudanai bayan haka, amma ruwan Nuwamban 2022 ya sake tuna mana cewa kwari bai manta hanyarsa ba. Ka tambayi mai shagon unguwa inda ruwa ya kai a bangonsa, shi ba ya da la'ada a cinikin. Ka tambaya ko ruwan famfo yana zuwa ko sai an sayi wayit, motar ruwa, domin rigimar wa zai biya ta ta raba masu gida da 'yan haya da yawa. Mitar wuta kuma lallai kowane ɓangare da tasa. Kuɗin wuta halala 18 ne (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura ya koma halala 30. Gida biyu a mita ɗaya, a zafin Agusta da mukayyaf ke aiki dare da rana, za su tsallaka wannan iyakar, sannan a zauna ana zargin juna. Idan sabon gini ne da aka yi wa lasisi bayan tsakiyar 2021, ka nemi takardar inshorar ɓoyayyun lahani ta shekara goma.

Sai ɗan haya. A nan ne mu Hausawa muka fi rauni, saboda kunya. Ranar da aka ji ka sayi gida mai shagga, a ranar za a tuna maka da ɗan ƙanin babanka da ke shirin aure. Ban ce kada a taimaki ɗan'uwa ba. Cewa nake ka yanke shawara tun farko, ka kuma faɗe ta da bakinka: kyauta ce ko haya ce? In kyauta ce, cire ta daga lissafin banki, ka nemi ladanka wajen Allah. In haya ce, a rubuta ta a Ijar, dandalin gwamnati na rajistar haya, kamar ta kowa. Abin da ke kashe zumunci shi ne na tsakiya, inda kai kana jiran kuɗi shi kuma yana ganin ai gidan yayansa ne, wata uku, wata bakwai, matanku sun daina gaisawa a matattakala, magana ta kai gaban tsofaffi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a karanta masa ita.

Ijar kuma ba zaɓi ba ce. Kwantiragin hayar da ba a yi wa rajista a cikinta ba, hukuma ba ta ɗaukarsa a matsayin ingantacce, wanda aka yi wa kuwa ana iya kai shi kotun zartarwa kai tsaye. Tun Janairun 2024 ma ta hanyoyinta ake biyan hayar gidajen zama. Tana kare mai gida, tana kare ɗan haya. Ina roƙon duk wanda Allah ya ba gida a cikinmu ya tuna daga inda ya fito. Yawancinmu a haya aka haife mu. Mun san yadda uwa take rage murya idan mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Takardar kotu tana hannunka don ranar da ka haɗu da mai taurin bashi da gangan; wanda aikinsa ya tsaya ko ciwo ya kwantar, aya ta 280 a surar nan dai ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka karɓi haya, to mukayyaf ɗin da ya mutu a Yuli a gyara shi a ranar, ba sai ƙarshen wata ba. Zakka ma kada a manta. Ginin da ake haya ba a fitar masa, kuɗin hayar ne ake fitar wa idan ya kai nisabi ya shekara.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba su da takardar zama 'yan ƙasa, igama ce a hannunsu, wasu ma an haife su a nan. Su ne suka fi shiga tarkon da Gwaggo ta shiga, kuma har gobe ana yi: a tara kuɗi a sa sunan aboki, ko suruki, ko kafili, wato wanda igamar mutum ke ƙarƙashinsa. Ina roƙonku da girman Allah ku daina. Mutumin kirki ne, na yarda. Amma mutumin kirki yana mutuwa, magadansa su raba abin da suka tarar da sunansa, kuma shari'a tana bayansu. Yana iya cin bashi kotu ta riƙe kadarorinsa, har da gidanka. Ba kuma za ka iya kai ƙara ba tare da ka tona wa kanka asiri ba, domin gidan haya kasuwanci ne, dokar tasattur ta 2020 kuma, wadda ta hana baƙo yin kasuwanci a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Yanzu ma ƙofar halal ta fara buɗewa. A Yulin 2025 majalisar ministoci ta amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ta fara aiki a Janairun 2026. Ta ba da damar saye a yankunan da aka ware, ta ba mai igama damar mallakar gida ɗaya na zamansa, Makka da Madina kuma da sharuɗɗansu na musamman, ga Musulmi kaɗai. Kafin ka biya ko halala ɗaya, ka je wajen lauya ya faɗa maka ko unguwar da kake so tana ciki, da ko irin mallakar da za ka samu ta ba ka damar ba da haya.

Wanda hanyar nan ba ta buɗe masa ba, ya gina a Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ba laifi. Amma can ma ƙa'idar ba ta canja ba: takardar fili da sunanka, ba da sunan yaya ba. Ya kuma sani hayar da za a biya shi da naira ce, wadda daga tsakiyar 2023 zuwa 2024 ta tashi daga ƙasa da 500 a kan dala a farashin hukuma ta haura 1,500. 'Yan'uwanmu na Khartum da Umdurman da yaƙin Afrilun 2023 ya koro ta Port Sudan sun koya mana wani darasin: gida ba ya gudu tare da mai shi. Shi ya sa ba na son mutum ya sayar da komai, har da ɗan abin ajiyar ranar wuya, ya zuba a bulo.

A ƙarshen 2023 aka kammala cinikin gidana a kudancin Jidda. Sakkin yanzu a waya yake fitowa, amma na buga shi a takarda na kai wa Gwaggo a shaggar da take zaune da 'yarta ta fari. Ta sa na karanta mata sunan, na karanta. Ta ce in sake, na sake. Ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa. Sannan ta dube ni.

"Babana, kuɗin farkon nan da ka ba su, duka naka ne?"

Na ce a'a, uwar yara ta sayar da gwal ɗinta ta cika mini kusan kashi ɗaya cikin uku.

"To ina sunanta?"

Ban da amsa. Wata goma sha takwas ina bin takardun mutane, ina duba na mai sayarwa da na dillali, ban taɓa tunanin matar da ke ɗakina tana tsaye daidai inda Gwaggo ta tsaya ba. In na faɗi yau, gidan gado ne, tumunin takaba za a ba ta, awarwaronta da sarƙarta sun narke a cikin rabon kowa. Da na tambaya sai na tarar tun farko ana iya haɗa miji da mata a bashin da sakkin, amma yanzu da gidan ke jingine sai da yardar banki za a taɓa shi. Mun shigar da buƙatar. Kafin ta fito, na ɗauki uwar yara da ƙaninta muka je wajen mai tabbatar da takardu, aka rubuta adadin kuɗinta a matsayin bashi a kaina, da lamba da kwanan wata. Kwafi ɗaya yana wajenta, ɗaya yana wajen ƙanin nata.